Kafin ka zuba kuɗi a laftof don yin katun a gida

Duk wanda ya zo min da maganar yana son fara katun, tambayarsa ta farko ita ce wace laftof zan saya, ni kuma sai in ce masa wane irin katun kake son yi tukuna? Sai ka ga mutum ya yi turus. To ai nan gizo ke saƙar, don hanya uku ce a gaban mai aiki shi kaɗai a ɗaki kuma kowacce da irin injin da take ci. Akwai zanen hannu hoto bayan hoto, akwai wanda za ka zana mutum sau ɗaya ka sa masa ƙashi ka dinga motsa shi kamar 'yar tsana, sai kuma 3D, wato katun da ake ƙera mutum kamar gunki a cikin kwamfuta a juya shi ta kowane gefe, wanda shi ne kowa ke ɗoki.

Bari mu fara da lissafi don shi ne yake sa mutane su dawo hayyacinsu. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a sakan ɗaya, masu katun da yawa sukan zana 12 kowanne ya tsaya sau biyu. Kenan minti ɗaya zane 720 ne, minti biyar 3,600. Kai kaɗai fa, ga makaranta ko shago, ga wuta da ake kawowa yadda aka ga dama. In dai ka san hannunka ya faɗa a zane kuma kana da haƙuri to bismillah, nemi manhajar Krita, kyauta ce, tun 2016 suka saka mata ɓangaren katun kuma buroshinta daɗin aiki ne da su wallahi. Matsalarta ɗaya cin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da kake kai, in aiki ya yi tsawo sai ta fara nishi, shi ya sa ake yanka labari gunduwa gunduwa, kowane sin da fayil ɗinsa. In kuma kwamfutarka tsohuwa ce sosai akwai Pencil2D, ita ba ta da nauyi ko kaɗan, ba ta da tarkace, ka buɗe ka hau zane kawai. OpenToonz ma kyauta ce, kamfanin Dwango na Japan ya sake ta a 2016 kuma asalinta manhajar da Studio Ghibli, shahararren gidan katun na Japan, suka daɗe suna aiki da ita ce, tana da ƙarfi ba laifi amma ranar farko da ka buɗe ta sai ka rasa ina ne ƙofa ina ne taga, ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da ita.

Hanya ta biyu ita ce ni a ganina ta fi dacewa da wanda yake son ya dinga sakin labari duk sati biyu a YouTube ko Facebook, irin barkwancin nan na maigida da uwargida ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Wahalar a farko take, ka zana mutum ka raba hannu daban ƙafa daban kai daban baki daban, ka sa ƙashi, daga nan shikenan ka samu ɗan wasan da ba ya neman kuɗin mota. Sarkin wannan fanni a wajena Moho ne. Na kuɗi ne amma sau ɗaya ake biya, ƙaramin wato Debut wajen dala 60, babban wato Pro wajen dala 400, sai dai ƙaramin an rage masa abubuwa da yawa, ka duba da kyau kafin ka biya kar ka zo kana cizon yatsa. Na kyauta a nan shi ne Synfig, yana yi, amma sai ka daure masa. Toon Boom Harmony na Kanada da Adobe Animate wanda a da ake kira Flash, su kuɗin wata wata ake biya da dala, kuma kai ma ka san yadda dala take yi da mu, ka fara biya yau gobe ta tashi, ranar da ka kasa biya kuma aikinka na nan kana kallonsa ba ka iya taɓawa. Na kirak kuwa, wato na sata da ake loda wa mutane a kasuwa, ni na daina, bayan bairos da suke shigowa da shi sukan rufe kansu ana tsakiyar aiki.

Sai hanya ta uku, wato 3D, manhajarta kuwa Blender. Wannan kam kyautar Allah ce, wani ɗan Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya ƙirƙire ta, a 2002 jama'a suka yi karo karo na yuro 100,000 aka fanshe ta ta zama ta kowa. Kuma kar wani ya ce maka abin kyauta ba ya kai mutum ko'ina, fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya da Blender aka yi shi kuma shi ya ci Oscar na katun a 2025. Har zanen 2D, irin na hanyoyi biyun farko, tana yi da wani abu da ake kira Grease Pencil. Amma fa ita ce mai zaɓen inji. Sababbin fitowarta suna neman aƙalla RAM gig 8 da katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, mai ɗan ƙarfi, tsofaffin Core i5 ɗin nan na ƙarni na 3 masu girafik ɗin Intel HD 4000 da suka cika kasuwa ko buɗe ta ba sa yi. Kuma 3D ba sana'a ɗaya ba ce, sai ka ƙera mutum, ka yi masa fata da kaya, ka sa ƙashi, ka haska fitila, ka motsa, ka yi renda, wato ka bar kwamfuta ta fitar da gamammen hoton. Babbar riga kaɗai in ka ce sai ta yi lilo yadda take yi a jikin mutum za ta cinye maka sati.

Yanzu maganar inji. In 2D za ka yi, laftof ta hannu mai Core i5 ƙarni na 8 zuwa sama, RAM gig 16 ko 8 mai gurbin ƙari, da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, ta ishe ka har ka gaji. In 3D ne to nemi mai katin girafik na NVIDIA, in aljihu ya kai RTX. A nan ne ake yi wa mutane wayo, ko a Beirut Road ta Kano ne ko Computer Village ta Ikeja ko ina ne ma, za ka ji an ce maka "wannan girafik ɗinta gig 8 ne" alhali aro take yi daga RAM. Ka ce a kunna, ka buɗe Task Manager ka shiga Performance ka danna GPU, ka duba layin da aka rubuta Dedicated, shi ne gaskiyar katin, na Shared ba naka ba ne. Ka duba sikirin ma, ya zama 1920 da 1080, ka ɗan karkata shi ka gani, in kala ta canza ta yi fari fari to bar ta, za ka yi fentin ja ka tura waya ka ga ruwan goro. Sannan ka sa hannu wajen fanka ka ji, zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa laftof ɗin gem. Destof ta fi araha a ƙarfi ɗaya kuma ta fi saurin gyaruwa, amma sai in kana da sola ko inbata, in ba haka ba ana ɗauke wuta aiki ya tafi.

Ni abin ya taɓa cin ni. Na sa renda da daddare kai tsaye zuwa bidiyo na kwanta, wajen asuba aka ɗauke wuta batir ya ƙare, na tashi na tarar da fayil ɗin da ko buɗuwa ba ya yi, aikin dare guda ya bi ruwa. Tun daga ranar hoto hoto nake fitarwa a PNG, in ta mutu a hoto na 900 sai in ɗora daga 901, daga baya in haɗa su a manhajar haɗa bidiyo irin Kdenlive ko Shotcut.

Allon zane kuwa kar ka yi wasa da shi, zane da maus azaba ce. Kala biyu ne, mai sikirin da kake zane a kansa kai tsaye irin Huion Kamvas ko Wacom Cintiq, da marar sikirin wanda hannu na ƙasa ido na kan kwamfuta. Na biyun ya fi araha nesa ba kusa ba, kwana uku na farko za ka ji kamar da hagu kake rubutu amma hannu yana sabawa. XP-Pen Deco 01 ko Huion mai faɗin inci 10 da 6 ya isa, Wacom ya fi su tsada amma yana da ƙarko. Kar lambar nan ta 8192 da suke bugawa a kwali, wato yawan matakan danna biro da allon ke ganewa, ta ruɗe ka, tsakaninta da 4096 hannunka ba zai ji wani bambanci ba. Abin dubawa shi ne biron ya zama wanda ba ya buƙatar caji, kuma a haɗo maka da ƙarin tsinin biro don suna cinyewa.

Abin da kowa ke mantawa sai kuɗi sun ƙare shi ne sauti, alhali mutane za su yafe maka zane mai ɗan karkata amma murya mai shuuu ko sakan goma ba za su yi ba. Ƙaramin makirfon maƙalawa a riga da manhajar ɗaukar murya ta Audacity sun isa, ka kashe fanka, ka jira janareton maƙwabta ya yi shiru, ka shiga ɗakin da ke da katifa da labule. Muryar ake fara ɗauka sannan a bi ta da zane. Yawancin manhajojin da ke motsa baki da kansu da Turanci aka horar da su, in ka ba su Hausa sai bakin ya dinga taunar iska, gara ka zana bakinka da kanka, biyar na a, e, i, o, u, ɗaya a rufe na m da b da ɓ, ɗaya na hutu, ka jera su a kan muryar da Papagayo-NG wadda ita ma kyauta ce.