FreeCAD da CalculiX: wata shida ina gwada ƙarfe a kwamfuta kafin a kai wa mai walda

Aikina zanen ƙarafa ne, yawanci hasumiyar tankin ruwa da firam ɗin faranten sola a nan Kano. Tankin lita 2,000 idan ya cika, ruwan kaɗai tan 2 ne a kan ƙafafu huɗu, shi ya sa "ai haka muka saba yi" ba ta gamsar da ni. Lasisin Ansys da Abaqus, manhajojin gwada ƙarfin ƙarfe a kwamfuta, ya fi ƙarfin aljihuna, na ɗalibai kuwa don koyo aka bayar da su, ba don aikin kuɗi ba. Sai na rungumi manhajar zane ta FreeCAD 1.0 da ta fito a Nuwamba 2024. Kyauta ce, ko sisi.

Sashenta na lissafin ƙarfin abin da ka zana, wato FEM, yana daddatsa ƙarfen da ka zana ya zama dubban gutsattsari da ke haɗuwa ƙulli-ƙulli kamar raga. Manhajar Gmsh ke saƙa ragar, manhajar CalculiX kuma, wadda Guido Dhondt da Klaus Wittig suka rubuta a Jamus, ita ke warware lissafin. Ka zaɓi irin ƙarfen, ka ɗaure inda ba ya motsi, ka ɗora nauyi, ka danna. Kwamfutata mai RAM gigabait 8 tana jan ƙananan ayyuka ba gardama.

Kafin in amince wa manhajar sai da na yi mata jarrabawa. Na zana fallen ƙarfe mai faɗin milimita 50, kauri 10, tsawo 500, na kafe gefe ɗaya, na rataya nauyin niyuton 100 a ɗaya bakin, kusan kilo 10 ke nan. Da biro da takarda, idan ƙwarin ƙarfen gigafaskal 210 ne, bakin zai sunkuya milimita 4.76. Gwajin farko bai kai 4 ba. Daga wurina matsalar take: don in rage wa kwamfuta wahala na zaɓi gutsattsari masu ƙulli 4, kuma na bar ragar da manyan idanu. Irin waɗannan suna sa ƙarfe ya fi yadda yake tauri idan lanƙwasa ake aunawa. Da na mayar da su masu ƙulli 10, amsa ta zo daf da ta takarda. Abin da ya tsorata ni shi ne hotunan sakamakon biyu duk sun yi kyau, shuɗi da kore da ja ras, babu abin da zai nuna maka wanne ne na ƙarya.

Na kuma sha fama da wani jan ɗigo, alamar inda ƙarfe ya fi shan matsi, a lungun wani mariƙi. Duk lokacin da na ƙara wa raga ƙanƙanta, sai adadin matsin ya hau, har ya zarce megafaskal 235 da ƙarfe samfurin S235 ke jurewa kafin ya saki. Ashe kusurwa mai kaifi ce ke jawo haka, a lissafi adadinta ba ya tsayawa. Na ɗan zagaye lungun kamar yadda walda ke cike shi, adadin ya nutsu.

Inda manhajar take buƙatar haƙuri shi ne haɗa sassa da yawa masu taɓa juna, ko noti da ƙusa. Saƙon kuskure ma gajere ne, sai ka buɗe fayil ɗin .inp, wanda ke ɗauke da bayanan da ake miƙa wa CalculiX, ka bi layi-layi. Walda kuwa, in ba ka zana ta ba, ba ta san da ita ba.

Amma gwajin durƙushewar ƙafa shi ya biya ni. A wata hasumiya mai tsawon mita 6, matsin da ƙafafun ke sha bai kai ko'ina ba, sai wannan gwajin ya nuna za su iya lanƙwashewa ta gefe tun kafin ƙarfen ya gaji. Na kai wa mai waldarmu hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Injiniya, a ƙara gicciye biyu ke nan a tsakiya." Washegari ya yanko su.