Tatuliyan ko Orijin: Wanne Za a Fara Karantawa?

Ɗalibai masu son sanin yadda Kiristocin farko suka kare addininsu daga sukar masu bautar gumaka sun sha tambayata wanda za su fara ɗauka tsakanin malaman nan biyu.

Wajen sauƙi, Tatuliyan ne gaba. A birnin Kataj da ke Arewacin Afirka ya rubuta littafinsa na kare Kiristanci da Latin, wajen shekarar 197, yana magana kai tsaye da mahukuntan Rum. Kamar lauya yake tafiya. An ce Kiristoci suna yanka jarirai a ɓoye, shi kuwa ya ce a kawo shaida. Ya kuma tambayi dalilin hukunta mutum don sunan Kirista kawai. Cikin 'yan kwanaki za ka gama littafin.

Na Orijin kuwa sai mai haƙuri. Littattafai takwas ne da Girkanci, ya rubuta su a birnin Kaisariya da ke Falasɗinu wajen 248, yana mayar wa masanin falsafa Selsus martani, wanda ya ce Yesu a Masar ya koyo tsafi, kuma jahilai ne ke bin addinin. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake kawo maganar Selsus kafin ya amsa ta. Littafin Selsus ya ɓace, ta hannun Orijin muka san yawancin abin da ke ciki.

Hattara: Tatuliyan yana da zafin harshe, wasu ra'ayoyin Orijin kuma coci ta ƙi su daga baya.

Mai farawa, ko mai son ganin yadda aka tsananta wa Kiristoci, ya ɗauki Tatuliyan. Ɗalibin tauhidi mai son muhawarar hankali, Orijin ya fi dacewa da shi.