Daren Asabar a wani lambu na Rayfield

Shekara 3 ke nan ina zuwa lambun nan na Rayfield a Jos. Gasasshen kifinsu da daɗi, amma samari huɗu masu kiɗan rock ne ke kai ni. Da farko waƙoƙin Turawa suke maimaitawa, mai ganga kuma kullum sai ya riga sauran. Yanzu nasu suke rerawa, rabi da Hausa, ga kalangu yana amsa wa jitar lantarki har tsikar jikina ta tashi. Babu kamfanin da ya ɗauke su, da kansu suke ɗora waƙoƙin a Audiomack.

Kukana ɗaya ga mai wurin: lasifikar hagu tana shaƙe muryar mawaƙin, don Allah a gyara. Mai zuwa ya taho da rigar sanyi.