Hutun hunturu a gaɓar tekun Norfolk: ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Kafin ka sayi tikitin komai a Norfolk cikin watan Disamba, fara duba abu biyu: lokacin faɗuwar rana da jadawalin cikowar teku. A wannan gunduma ta gabashin Ingila rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma an yi Magariba. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke faɗowa. Wanda ya baro Landan da hantsi, jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street zuwa Norwich ya ci masa kusan awa biyu, ya sake kama wani zuwa Cromer ko Sheringham, to zai iso bakin ruwa ne rana ta riga ta karkata. Fita ɗaya ta sarari da safe, abu ɗaya na cikin gini ko na dare, iyakar abin da yini zai ɗauka ke nan. Mai haɗa uku ko huɗu a mota zai ƙare hutunsa.

Abin da ya fi jawo mutane a wannan lokaci wata dabbar teku ce da Turawa ke kira sil. In ka taɓa ganin hoton ayu na kogin Binuwai, to siffar ta yi kusa, sai dai ita tana fitowa tudu ta haihu. Daga Nuwamba zuwa Janairu suke zuba 'ya'ya a kan rairayi, farare tas kamar an naɗe su da auduga. Uwa tana shayarwa kimanin mako uku ne kacal, nononta kuwa rabinsa maiƙo ne, har ɗan yakan ƙara kusan kilo 2 a rana, sannan ta koma teku ta bar shi ya ji da kansa. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na irin wannan sil mai ruwan toka da ke duniya a gaɓar Birtaniya suke. A Norfolk wuri biyu ake zuwa kallonsu, kuma a nan ne zaɓin farko yake.

Blakeney Point, a arewa, shi ne matattara mafi girma a Ingila. Ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi da filaye, ke riƙe da wurin tun 1912. A 2001 'ya'ya 25 aka ƙirga, yanzu kuwa dubbai ake haifa a kaka ɗaya. Hanyar ganinsu ita ce ƙaramin jirgin ruwa daga mashigar Morston, tafiyar kimanin awa guda, ana biyan kuɗi kowane kai. Jirgin ba ya tashi sai teku ya ciko, don haka yau da safe ne, wani makon da rana. Ba kai ke zaɓen lokaci ba. Buɗaɗɗe ne kuma, ba rufi. Iskar Tekun Arewa in ta bugi kunne, sanyin Jos sai ya zama wasan yara. In iska ta yi ƙarfi ana soke tafiyar, shi ya sa kafin ka biya ka tambayi ko ana mayar da kuɗi ko sauya rana.

Horsey, a gabas, wajen Great Yarmouth, kallon ƙafa ne. Ba kuɗin shiga, fakin kawai za ka biya. Daga inda ka ajiye mota ka bi hanyar yashi, ka hau jigawa, sai ka gan su a ƙasanka birjik, wasu na barci, wasu na wani kuka mai kama da na jariri, manyan mazan kuma na ture-ture a bakin ruwa. A kakar haihuwa ana roƙon jama'a kada su sauka rairayin, kuma 'yan sa-kai na Friends of Horsey Seals suna tsaye suna tunatar da kowa ya bar aƙalla mita 10 tsakaninsa da dabbar. Dalilin a fili yake: uwa in ta tsorata tana iya gudu ta bar ɗan, ga shi kuma suna cizo.

Ni dai in da yara ne, Horsey zan zaɓa. Yaro in ya fara rawar ɗari sai ku juya mota, a jirgi kuwa sai an gama awar nan. Kuɗin mutum biyar a jirgi ma ya isa abincin rana. Matsalar Horsey ita ce wanda ba shi da mota zai sha wuya kafin ya kai can, kuma keken jariri ba ya tafiya a yashi. Goyo ya fi. Morston kuwa yana kan layin bas ɗin Coasthopper da ke bin gaɓa tsakanin Cromer da Wells, ga ɗalibin da ke Jami'ar East Anglia a Norwich ba shi da mota wannan ya fi sauƙi. A lura dai, bas ɗin yana raguwa da hunturu.

Akwai kallo na biyu wanda shi ma kusan kyauta ne, amma yana son mai haƙuri. Dubun-dubatar dinya masu jan ƙafa suna zuwa daga Iceland da Greenland su yi hunturu a nan. Da asuba suna tashi daga bakin teku zuwa gonakin gwozar sukari, da almuru su dawo sahu-sahu, kukansu ya cika sama. A Holkham za ka same su, ga kuma rairayi mai faɗin da ido ba ya kai ƙarshensa da kurmin itatuwan da ke tare iska. A Snettisham, wurin ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, in teku ya yi babbar cikowa yakan kori dubban ƙananan tsuntsayen gaɓa daga laka su tashi gaba ɗaya, suna murɗawa a sama kamar hayaƙi. Wannan ba kullum ba ne. Ƙungiyar tana fitar da ranakun, galibi da sassafe, kuma daga wurin fakin akwai tafiyar fiye da kilomita 2. Ba zan kai ɗan shekara huɗu can ba. A Holkham da Wells kuma a kiyayi ruwa: yana zagayowa ta baya ya datse hanya. A Wells har jiniya ake kunnawa, in ka ji ta ka baro yashi.

Sai abubuwan da ake biya da tsada, waɗanda duhu bai dame su ba. Jirgin ƙasa mai tururi na North Norfolk Railway yana tafiyar mil 5 da ɗoriya daga Sheringham zuwa Holt, da hunturu kuma ana yi masa ado da fitilu ya riƙa zirga-zirgar dare. Ana zaune a ɗumi, yara na manne da taga, tasharsa kuma tana daf da ta jirgin da ya kawo ka daga Norwich. Ga mai ƙananan yara shi ne ya fi biyan kuɗinsa. Wasan Kirsimeti na Thursford, da aka fara tun 1977 a wani ɗan ƙauye kusa da Fakenham, babban al'amari ne: mawaƙa da 'yan rawa fiye da ɗari, kusan awa uku, kuma tikitinsa kan ƙare tun watanni kafin lokaci. Waƙoƙin coci da raye-rayen dandali ne a haɗe, kowa ya san abin da ya dace da gidansa. Ƙanana dai ba za su iya zaman ba. Wanda ke son irinsa a ƙarami, akwai wasan da ake yi a ɗakin da ke ƙarshen gadar Cromer, wadda aka buɗe a 1901 ta kutsa cikin teku mita 151. A kanta ne kuma ake wasan wuta da yammacin ranar 1 ga Janairu, kallo daga gaɓa ba ko kwabo.

Sandringham na yaudarar baƙi da yawa. Suna ne babba: gidan da iyalan sarautar Birtaniya ke yin Kirsimeti, inda Sarki George na Biyar ya yi jawabin Kirsimeti na farko ta rediyo a 1932. Amma da hunturu gidan kansa a rufe yake ga masu ziyara. Dajin da ke kewaye da filin wasan yara ne a buɗe. In hanya ta biyo da kai ka tsaya, kada dai ka taso takanas dominsa.

Ranar da ruwan sama ya tsuge kuwa, a bar gaɓa a shiga Norwich. Tsohuwar fadar dutse ta Norwich Castle da Normandawa, mayaƙan da suka zo daga Faransa, suka gina an sake buɗe ta a Agustan 2025 bayan gyara na shekaru, babban cocin garin an aza harsashinsa a 1096, kasuwar tsakiyar gari kuma rumfunanta a rufe suke daga ruwa. A nan ne kuma za ka samu masallaci da naman halal ba wahala. A ƙauyukan gaɓa kifi da dankali ne mafita, amma ka tambayi da me aka soya, don wasu shagunan da kitsen sa suke suya, wasu da man girki.

Maganar masauki ta biyo bayan wannan. Otal a Norwich ya fi wa marar mota, tunda yawancin layukan jirgin gundumar a nan suke haɗuwa. Iyali mai mota ya fi samun sauƙi in ya kama gidan haya mai kicin a Sheringham ko Cromer, a dafa tuwo da dare, a cika filas da shayi da safe. Farashi yana hawa sosai tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, ya sauko a mako na biyu na Janairu, lokacin da har yanzu akwai sauran 'ya'yan sil a Horsey. Ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa aiki, washegari ma kaɗan ne ke motsi, don haka in tafiyarka ta faɗo a ranakun nan, ka iso tun 24 da cefanenka a hannu.