Bashin FHA da Bashin Banki: Wa Ke Tilasta Gyara?

A Amurka, idan ka nemi bashin gida ta hannun FHA, hukumar gwamnati da ke tsaya wa mai karɓar bashi a wurin banki, mai ƙiyasta gida ba farashi kaɗai yake dubawa ba. Yana leƙa rufi, wayoyin wuta, har ƙarƙashin gidan. Gidan da aka gina kafin 1978 kuwa, da fenti ya ɓamɓare, dole a kankare a sake shafawa saboda gubar dalma. Abin da mai ƙiyastawar ya rubuta sai an gyara kafin kuɗi su fito, galibi ya dawo ya gani da idonsa.

A bashin banki na gama-gari, hankalinsa na kan farashi, sai ɓarna ta yi muni yake magana. Shi ya sa mai sayar da tsohon gida kan yi ɗari-ɗari da mai FHA.