RealStar Lassa 2.0: kayan gwajin zazzaɓin Lassa a kan ma'auni

Kamfanin altona Diagnostics na Hambog a Jamus ne ke yin wannan kayan gwaji na RT-PCR, wato gwajin da ke gano RNA, ƙwayar halittar cutar, a cikin samfur. Babban ƙarfinsa shi ne yana neman ƙwayar cutar a wurare biyu na ƙwayar halittarta, GPC da L, kowanne a bututunsa. Ƙwayar Lassa tana da rassa da dama, wadda ke yawo a Bauchi da Filato ta bambanta da ta Edo da Ondo, don haka in bututu ɗaya ya kuskure, ɗayan kan kama.

Haɗinsa ba wuya: ruwan haɗin Master A mikrolita 5, na Master B 15, sai RNA 10, jimla 30, a zagaye 45 a na'ura. A sa jinin a kwalbar EDTA, ba ta heparin ba (dukansu sinadaran hana jini daskarewa ne). Heparin na danne gwajin, sakamako ya fito babu alhali akwai. Shi ya sa ake zuba ma'aunin ciki, wanda ke nuna ko gwajin ya yi aiki, tun wajen tatsar RNA; in bai tashi ba kuma samfurin bai nuna komai ba, sakamakon ya ɓaci, a sake. Kada kuma a fitar da samfur daga akwatin kariya da ruwan AVL (ruwan fasa ƙwayar cuta) kaɗai, sai an ƙara etanol.

Inda gizo ke saƙa shi ne sanyi. Ana ajiye kayan gwajin tsakanin digiri 15 da 25 ƙasa da sifili, kuma yawan narkewa da daskarewa na rage ƙarfinsa. Ɗakin gwajin da ba shi da sola ko janareto tsayayye zai yi asara. Bututu biyu ga kowane majiyyaci kuma na cin gurbi a na'ura, musamman daga Disamba zuwa Maris da samfura ke yawa.