Marubuci Biyu, Attajiri Ɗaya: Yadda Kalma Ke Tona Ra'ayi Kan Dukiya

'Yar'uwa, kin tambaya ta yaya mai karatu zai gane ko marubucin ƙagaggen labari yana girmama dukiya ko yana ƙyamarta, alhali bai fito fili ya faɗa ba. Bari in ƙirƙiro misali biyu a kan mutum ɗaya, mu jera su.

Na farko: "Allah ya hore wa mutumin abin hannu. Ya gina gida mai yalwa, mabuƙata na zuwa ƙofarsa, yana miƙa musu abin da ya sawwaƙa."

Na biyu: "Mutumin ya tara abin duniya. Ya danƙara wani uban gida, mabarata na tururuwa a ƙofarsa, yana watsa musu 'yan canji."

Abin da ya faru iri ɗaya ne: akwai kuɗi, akwai gida, akwai kyauta. Amma na farko kina gamawa za ki ji kina son mutumin, na biyu kuwa tuni ya fita daga ranki.

Ni aikatau, wato kalmomin da ke nuna aiki, nake fara dubawa, domin nan marubuci ya fi kasa ɓoye zuciyarsa. "Allah ya hore masa" ya mayar da dukiyar baiwa, mai ita amana aka ba shi. "Ya tara" ya ɗora komai a kan mutumin, har kina hango shi yana ƙirgawa yana ɓoyewa. Da marubucin ya ƙara zafi, sai ya ce ya wawure ko ya handame, ya yanke hukunci ke nan. Sai "miƙa" da "watsa". Mai miƙawa ya matso kusa, hannunsa ya je ga hannun mai karɓa, ƙila ma sun haɗa ido. Mai watsawa yana daga nesa, kamar mai ba kaji tsaba, kuma dole mutane su duƙa su tsinta. Kalma ɗaya ta zubar da mutuncin mai bayarwa da na masu karɓa gaba ɗaya. Shi ya sa ma mabuƙata suka koma mabarata.

Sunan da aka ba dukiyar ma yana magana. "Arziki" da "rufin asiri" suna tafe da albarka da mutunci, shi ya sa muke cewa mutumin arziki ko da ba shi da ko sisi. "Abin duniya" kuwa yana tuna miki cewa nan za a bar shi.

Sai dai ki kula da wanda ke maganar. Idan wani mai hassada daga cikin mutanen labarin ne ya ce "ya danƙara gida", halinsa aka nuna miki, ba lallai ra'ayin marubuci ba ne. Muryar mai ba da labari ita ce abin bi, musamman kalmomin da yake maimaitawa daga babi zuwa babi.

Akwai kuma kalmomi masu fuska biyu, irin su "hamshaƙi" da "katafare", da kan zo a yabo, su zo a gugar zana. In sun rikita ki, ki je wurin da attajirin ya rasa dukiyarsa. Marubucin da ya ce "ya samu karayar arziki" yana tausaya masa. Wanda ya ce "asirinsa ya tonu" tun shafin farko yake jiran ranar.